Ranar da soyayyar hantata ta ƙone a Samaru

Tun daren Juma'a na gama yanke abin da zan buga a gasar ces (chess) idan aka ba ni fararen 'yan wasa, masu fara taku. Ba wani dogon tunani na yi ba, don buɗi ɗaya tak na iya, wato salon takun farkon wasa, shi ne kuma ya ciyar da ni shekara da shekaru a Lichess, shafin buga ces a intanet. 'Yan ces suna ce masa soyayyar hanta. Daga Italiya sunan ya fito, can suna ce masa Fegatello, kuma tun zamanin Giulio Polerio, wani gwanin ces na can, wajen ƙarshen ƙarni na 16, ake yanka mutane da shi. Ka fito da bishof da doki, su biyun su sa ido a gidan f7 (kowane gida a allo da harafi da lamba ake kiransa), gidan da babu mai gadinsa sai sarki shi kaɗai. Idan abokin wasa ya yi kuskure ɗaya a taku na biyar, sai ka sadaukar da dokinka a f7, ka janyo sarkinsa tsakiyar fili kamar ɓarawon da aka fito da shi daga rumfa, ka yi ta jibga. A waya mutane da yawa suna yin wannan kuskuren. Ni kuma na ɗauka haka duniya take.

Tela ne ni, shagona yana Tudun Wadar Zariya. Dara na tashi da ita, ta ƙasa, wadda kakana yake haƙa wa ramuka talatin a ƙofar gida can cikin Birni, shi da tsinke goma sha biyu, abokinsa da tsakuwa goma sha biyu. Ces kuwa sai a kullen korona na 2020 na koye ta, lokacin da keke ya yi shiru, babu biki babu suna. Tun daga nan ban taɓa zama gaban mutum da allo na gaske da agogo ba. Wani ɗalibi da nake yi wa ɗinki ne ya gan ni ina wasa a waya, ya ce akwai gasar 'yan koyo da za a yi a Samaru Asabar da Lahadi, zagaye biyar, kowa yana iya shiga. Na tura kuɗin rajista, aka sa ni a wani zauren WhatsApp, aka ce ƙarfe tara na safe.

Hunturu ake yi, hazo ya rufe gari. Na hau Keke Napep zuwa Kwangila, na shiga bas ɗin Samaru, na isa tara saura. Ba a fara ba sai goma da rabi, wannan kam ba sai na faɗa ba. Mun kai mu talatin da wani abu: yawanci ɗaliban jami'a, da wasu ma'aikata biyu ko uku masu furfura irina, da 'yan mata huɗu, da wani gungun yara 'yan sakandare da malaminsu ya kawo cikin riguna iri ɗaya. Tun da Tunde Onakoya ɗan Najeriya ya yi zaman nan na awa 60 yana buga ces a dandalin Times Square na birnin New York a watan Afrilun 2024, da kuma Gukesh ɗan Indiya ya zama zakaran duniya yana da shekara 18 a ƙarshen shekarar, iyaye suka fara yarda cewa wannan abu ba caca ba ce.

Alƙalin wasa ya tsaya ya karanta mana dokoki, kuma nan na fara gane cewa waya ta sangarta ni. Abin da ka taɓa, shi za ka motsa. Idan gyara masa zama kawai za ka yi, sai ka faɗa kafin hannunka ya kai. Da hannun da ka yi taku, da shi za ka danna agogo. Kowa yana da awa ɗaya, kuma duk takun da ka yi agogo zai ƙara maka daƙiƙa 30, saboda haka dole ka rubuta kowane taku, naka da na abokin wasa, har a tashi. Waya a kashe, a cikin jaka; ta yi ƙara, ka faɗi wasan. Tsarin haɗa 'yan wasa kuwa shi ne wanda ake kira na Siwizalan: ba a fitar da kowa, wanda ya ci ya sami maki ɗaya, canjaras rabi, sannan a zagaye na gaba a haɗa ka da mai maki irin naka. Wato idan ka ci, ladanka shi ne a kawo maka wanda ya fi na baya zafi.

Rubutun ne ya fi ba ni wahala a zagayen farko. A waya na'ura ce take rubutawa. Nan kuwa sai ka leƙa gefen allo ka nemo harafi, ka nemo lamba, ka tuna N ce alamar doki tunda K ta sarki ce. Baƙaƙe aka ba ni, da wani ɗalibi da ya fi ni rawar jiki, ya bar sarauniyarsa a bakin bishof ɗina tun ba a je ko'ina ba. Na ci. Muka yi Azahar, na ci shinkafa da wake a wata rumfa, na dawo ina jin kaina.

Da aka manna takardar zagaye na biyu a bango, na ga allo na shida, farare. Na je na tarar da ɗaya daga cikin yaran nan masu riga iri ɗaya. Ba zai wuce shekara goma sha uku ba, leɓensa duk ya tsage da sanyi, ya riga ya rubuta sunansa da nawa a takarda da kyakkyawan rubutu. Ya miƙe ya ɗan rusuna.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, ɗana. Ka yi mini a hankali fa."

Ya yi murmushi bai ce komai ba. Muka yi musabaha, ya danna agogona.

Na tura sojan gaban sarki gida biyu, e4. Ya amsa da e5. Doki f3, doki c6. Bishof c4, sai ya fito da ɗaya dokin zuwa f6. Wallahi sai da na ji daɗi har cikin ƙashina, don wannan shi ne tsaron dawaki biyu, ƙofar da nake so a buɗe mini. Na ɗaga dokina na dire a g5. Yanzu doki da bishof duk suna kallon f7. Daga baya na ji cewa Siegbert Tarrasch, babban malamin ces na Jamus, ya taɓa kiran wannan takun nawa takun wanda bai iya ba, saboda ka motsa doki ɗaya sau biyu alhali sauran 'yan gidanka suna barci. Masana na yanzu ba su tafi a kan maganarsa ba, takun yana da kyau. Amma yana da kyau ne a hannun wanda ya san abin da ke bayansa.

Yaro ya tura d5 ya toshe wa bishof hanya. Na ci da sojana. Nan ne mararraba. Idan ya rama da dokin f6, ya ci sojan nan na d5, sai in faɗa f7 da doki, sarkinsa ya ci, sarauniyata ta fito f3 da cek, wato hari kan sarki, sarki ya taho e6 don ya kare dokinsa, in ƙara doki a c3, wuta ta kama. Har na ɗora hannuna kusa da dokin, ina jira.

Bai ko kalli sojan ba. Ya ɗauki ɗaya dokin, na c6, ya kai shi can gefen allo, a5, ya danna agogo, ya rubuta. Duka bai ɗauki daƙiƙa biyar ba.

Na taɓa ganin wannan takun a waya, ba sau ɗaya ba, amma kullum sai in ɗauka mutum ya ruɗe ne, in yi ta lalube har wani ya yi kuskure. Ban taɓa zama na bincika ba. Doki a gefe, an bar mini soja kyauta, me ya rage? Abin da na gani kawai shi ne yana barazana ga bishof ɗina. Na kai bishof b5 na ba shi cek. Ya tare da soja a c6, na ci, ya rama da sojan b. Yanzu ina da ribar soja ɗaya cif, sojojinsa na ɓangaren sarauniya sun wargaje, dokinsa yana rakuɓe a bango. Bishof ɗina kuma dole ya ja da baya, tunda soja ya sa shi a gaba.

Taku na takwas ke nan, kuma a nan haddata ta ƙare. Na zauna minti goma sha ɗaya a kan wannan takun, na gani a agogo. Abin da ya zo mini shi ne: in na koma e2, na koma gida ke nan, kamar na ji tsoron yaro. In na tsaya a a4 kuwa, har yanzu bishof yana kallon sojan c6, bayansa kuma sarki ne, sojan ba zai iya motsi ba. Ya yi mini kama da takun jarumi. Na kai shi a4.

A karon farko yaron ya ɗago ya kalle ni. Ba kallon raini ba ne. Irin kallon da nake yi wa yaron shago ne idan na ga ya ɗora almakashi a inda bai kamata ba, kuma na san yadin ya riga ya tafi.

Ya tura h6, ya kori dokina. Na koma f3. Ya tura e4, ya sake korar sa. Doki ɗaya, taku na huɗu ke nan ina yawo da shi. Na duba, komawa g1 abin kunya ne, sai na shiga e5, inda yake haɗuwa da bishof su biyu a kan c6. Har na fara lissafin soja na biyu.

Sai sarauniyarsa ta taso daga d8 ta sauka d4, tsakiyar allo.

Na daɗe ina kallon wannan takun kafin in gane girmansa. Ta gicciye tana kallon dokina na e5. Ta layi kuma, c4 babu kowa, b4 babu kowa, sai bishof ɗina a a4, tsirara, babu mai kare shi. Biyu ta sa a gaba, ɗaya kawai zan iya tserarwa. Da a e2 bishof ɗin yake, da wannan takun ba shi da wani tasiri. Ni da hannuna na ajiye shi a kan hanyar mota. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙwas-ƙwas ɗin agogo daga sauran alluna da tarin masu mura, ni kuwa gumi nake yi a cikin hunturu.

Na ga wata dabara, na ɗauka mafita ce. Bishof ya ci c6 da cek, dokinsa na gefe ya dawo ya cinye bishof, dokina ya cinye dokinsa, kuma daga c6 yana barazana ga sarauniya. An yi musaya ke nan, har da ƙarin soja a hannuna. Na buga, na ɗan gyara zama. Ya janye sarauniya gida ɗaya kawai, c5. Na zo in fitar da doki, na fara ƙirga gidajensa takwas ɗaya bayan ɗaya da ido. A d4, b4, a5 da e5, sarauniya tana jira. A e7 bishof, a d8 sarki, a b8 ruk, wato ɗan wasan nan mai kama da hasumiya. Saura a7, inda akwai soja, shi ma ruk yana gadinsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na ci sojan a7 don kada in tafi hannu rabbana, ruk ya ɗauke dokin.

Ga lissafin da na yi ta rarrashin kaina da shi. A ƙa'idar da kowa ya koya, soja maki ɗaya ne, doki da bishof uku-uku, ruk biyar, sarauniya tara. Na rasa babba ɗaya, na sami sojoji uku. Uku da uku, an yi daidai. A takarda haka ne. A kan allo kuwa, bayan taku goma sha uku, duk abin da na fitar an cinye shi, sauran 'yan gidana suna layin baya kamar yanzu za a fara wasa. Shi kuwa layuka duk a buɗe suke masa, saboda sojojin nan da na yi ta ci su ne da ma suke tare wa manyansa hanya. Ni na share masa titi.

Na shigar da sarki lungu, a g1, ruk ya dawo f1, duka a taku ɗaya kamar yadda doka ta yarda. Ya fito da bishof d6. Na fito da doki c3. Sarauniya ta koma e5, ta tsaya gaban bishof, su biyu a layi ɗaya suna kallon h2. Taku ɗaya ya rage a gama da ni. Na tura g3 na toshe. Wannan ya buɗe fararen gidajen da ke kewaye da sarkina, kuma bishof ɗin da zai tsare su shi ne wanda na kai a4 ya mutu. Nan take ɗaya bishof ɗinsa ya zo h3 ya kori ruk zuwa e1. Sannan, ba gaggawa, ya shigar da nasa sarkin lungu.

Na ɗana masa tarko ɗaya wanda har yanzu ina ɗan alfahari da shi. Na tura sojan d gida biyu, d4, ya taɓa sarauniya. Akwai dokar nan ta cin wucewa: sojan da ya yi tsalle biyu ya wuce ta gefen sojan abokin gaba, ana iya cin sa a takun da ke biye kamar gida ɗaya ya taka. Yara suna son wannan cin, don yana nuna sun san doka. Da ya ci, sojansa ya bar e4, ruk ɗina na e1 ya ga sarauniya kai tsaye. Ya kai hannu, ya tsaya a sama, ya janye. Ya yi minti uku, mafi tsawon tunaninsa a wasan gaba ɗaya. Sai ya matsar da sarauniya f5.

Sauran ba shi da tsawo. Na fito da bishof e3, ya dawo da nasa g4 ya taɓa sarauniyata, na kauce d2, ya dasa bishof a f3, daf da hancin sarkina. Na tura d5 don bishof ɗina ya ga ruk ɗinsa na a7, ko zai tsorata. Bai kula ba. Sarauniya h3. Daga nan g2 za ta sauka, bishof yana riƙe da ita, kuma na duba duk allon babu abin da zai hana. Ruk ɗin yana nan a bakina, in na ga dama in ci, sannan a kashe ni. Na tsayar da agogo na miƙa masa hannu. Taku 21. Saura minti tara a agogona. Shi kuwa da ƙarin daƙiƙoƙin da yake samu, lokacinsa bai ko ragu sosai ba.

Muka sa hannu a takardun juna, muka kai wa alƙali. A waje, kan wani benci, ya buɗe ƙaramin allonsa na naɗewa.

"Baba, in nuna maka wani abu?"

Ya jera wasan daga farko ba tare da ya kalli takarda ba, har taku na takwas, ya ɗauki bishof ɗina ya ajiye a e2.

"Nan ake zuwa. Wasu suna zuwa d3, wasu su fito da sarauniya f3. Amma a4 malaminmu ya ce kyauta ce."

Ya nuna mini yadda ake ci gaba: zai kori dokin kamar yadda ya yi, in shiga e5, ya fito da bishof d6, in tura d4, ya yi cin wucewa, doki ya rama a d3 ya sami wurin zama. Fari yana da ribar soja, baƙi yana da sarari da saurin fitowa, a yi ta gwabzawa. Ashe sojan nan da na ɗauka ya manta da shi, sayar mini da shi ya yi, kuma lokaci ya karɓa a madadin kuɗi.

Malaminsu ya zo ya tsaya a kanmu, matashi ne, bai fi talatin ba. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce kada in ji komai, manya ma sun sha wuya a wannan layin. Ya ce Wilhelm Steinitz, zakaran duniya na farko, ya nace cewa a taku na tara doki h3 ya kamata ya koma, ba f3 ba, har ya gwada hakan da Mikhail Chigorin na Rasha a wasan da suka yi ta wayar tangaraho a 1890 zuwa 1891, kuma Chigorin ya ci shi. Shekara saba'in da wani abu bayan nan, a 1963, Bobby Fischer na Amurka ya tono takun ya ci wasa da shi. Na ce to, su a taku na tara suke gardama, ni ko isa can ban yi da rai ba. Ya yi dariya, ya ce in daina kallon bidiyon tarko, in ɗauki buɗi ɗaya in tambayi kowane taku dalilinsa. Ban ji daɗin maganar ba a lokacin, don gaskiya ce, kuma a gaban yaro aka faɗa.

Zagaye na uku, da yamma, na faɗi. Hankalina yana a4. Lahadi da safe aka sake ba ni farare, da wani ma'aikacin banki, kuma ikon Allah, ya bi ni har taku na biyar ya ci sojan d5 da doki. Na faɗa f7, hanta ta soyu, taku goma sha tara aka tashi. Na ci, amma ban ji abin da na zata zan ji ba. Kamar ɗinkin da ka yi sau dubu ne, hannu ne ya yi, kai ba ka nan. Wasan ƙarshe muka yi canjaras da wata ɗaliba bayan kusan awa biyu da rabi, ruk da soja biyu kowannenmu, kuma shi ne wasan da na fi yin tunani a cikinsa tun da na fara ces. Maki biyu da rabi cikin biyar. Yaron ya gama da huɗu.

Ana jiran a raba kyaututtuka, na gan shi a gindin wata bishiyar darbejiya yana cin awara. Na tambaye shi ko ya iya dara. Ya ce yana ganin tsofaffi suna yi a unguwarsu, amma bai taɓa zama ba. Na tsuguna na haƙa ramuka a ƙasa, shida-shida layi biyar, na karyo tsinke goma sha biyu, na sa shi ya tsinto tsakuwa. Na gaya masa: a zuba ɗaya bayan ɗaya, ba a jera uku lokacin zubi, in an gama, a riƙa matsawa gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da gicciye, ka jera uku ka ɗauke ɗan abokin wasa ɗaya, huɗu ba ci ba ne. Na cinye shi tas a na farko, ban rage masa komai ba, har abokansa suna ihu. Na biyu ma na ci, amma sai da na gyara tsuguno. Ana kiran sunansa daga cikin ɗaki ya zo ya karɓi kyautar na uku, shi kuwa yana tattara tsakuwarsa.

"Baba, a sake zubawa. Na ga inda kake sa na farkon nan."